Matajin Tomie

Masu gidan ceton kyanwoyi ba sa ba tsoho dabba sai wani ya tsaya masa. Shi ya sa Shigeharu, tsohon mai sayar da kifi a garin Onomichi na ƙasar Japan, bai samu kyanwarsa Goma ba sai da 'yarsa Natsue ta tsaya masa. Sharaɗi ɗaya ne: ranar da Natsue ta ce a'a, kyanwa ta koma keji.

Goma kuwa ba ta zo da ladabi ba. Ƙatuwa ce, gashi a cukurkuɗe, kunne ɗaya a yage. Ka kai hannu bayanta, ta sakar maka farce. In ta gama lashe jikinta sai ta miƙa wuya, ta yi ta kakari, ta amayar da dunƙulen gashi a kan tabarmar tatami.

Ranar Lahadi Natsue ta kawo masa miya. Tana cire takalmi, safarta ta sauka a kan sabon dunƙule, da ɗuminsa.

"Baba! Mene ne wannan?"

"Gaisuwa ce. Ni ma haka take tarbata."

"Nuna min hannunka."

Ya ƙara tura shi cikin aljihu. "Ƙaguwa ta yi min wanda ya fi wannan tun kina goye."

"Yau zan kira masu gidan ceton. Sun ba ka burushi, sun ba ka maganin lasa, ba abin da ya canza."

"Burushin ƙarfe! Zo in ja miki kai da shi, mu ga ko ba za ki yi cizo ba."

Shi dai ya daɗe da lura: Goma ba ta kai hari sai an taɓa inda gashi ya dunƙule yana jan fata. Ya tashi ya durƙusa gaban ɗan akwatin da ke ɗauke da hoton marigayiya matarsa Tomie, da turarenta, da 'yar shinkafar da yake ajiye mata kullum. Ya buga 'yar ƙararrawar da ke gefen hoton, ya sunkuyar da kai, ya ɗauko matajin katakonta, wanda ya sha mai tun tana amarya har ya yi santsi.

"Baba, ajiye! Na Mama ne. Ko ni ban taɓa sa shi a kaina ba."

"Na tambaye ta. Ba ta ce a'a ba."

"Baba!"

"Uwarki ta fi wannan kyanwar faɗa. Da hannunta ya daina ɗaguwa, wa kike tsammani yake taje mata kai?"

Natsue ta ciro waya daga jaka, amma ba ta danna lambar ba.

Ya zauna kusa da Goma, ya riƙe gindin gashin da yatsu biyu don kada ya ja fata, ya fara daga baki-baki, kamar yadda Tomie ta koya masa da zagi. Goma ta yi gurnani, ta juyo ta kafa masa haƙori a babban yatsa. Jini ya fito. Bai janye ba.

"Ciji, mara kunya. Ba inda za ki."

Ta saki. Mataji ya wuce, ya sake wucewa. Gashi ya taru a gefen gwiwarsa, kyanwa ta kwantar da haɓa tana harararsa da ido ɗaya.

"Kin gani? Wanda ya fito nan ba zai fito ta baki ba."

"Tabarmar fa?"

"Tawa ce. Yatsan ma nawa ne."

Natsue ta jefa wayar cikin jaka, ta tuɓe safar da yatsu biyu.

"To ka wanke matajin sosai kafin ka mayar gaban hoton Mama."

"Ba zai koma ba," in ji Shigeharu. "Ya samu aiki."