Farin Farantin Baba

A gida Likitar Tukunya ake ce mata. Yayanta ne ya laƙaba mata sunan ranar da ta samu gurbin digiri na biyu a fannin abinci da gina jiki, ya ce ashe girkin ma sai an je jami'a an sayo. Sunan ya bi ta, har Baba da shi yake kiranta idan yana cikin nishaɗi.

Sai dai nishaɗin ya yi wuya tun da hawan jini ya kwantar da shi. A asibiti aka ce a rage masa gishiri da mai, ita kuwa ta karɓi aikin hannu bibbiyu, don bincikenta ma a kan haka yake: yadda za a yi wa tsofaffi girki mara gishiri wanda ba zai yi lami a baki ba. Ta sayo ɗan sikeli ta ajiye a kicin. Ta ware wa Baba tukunya, ta ware masa farin faranti. Kifi a gasa, ganye a turara, a matsa lemun tsami, a barbaɗa citta. Sannan ta kai masa ɗaki ta ja ƙofa, kada ƙamshin abincin sauran ya tayar masa da kwaɗayi. Mama ta buɗe baki za ta yi magana, ita kuwa ta lallaɓa ta da cewa a bar mata, aikinta ne.

Farantin kuwa yadda ya shiga haka yake fitowa, sai ɗan gefen da aka taɓa. Ta auna ragowar, ta canza kayan ƙamshi, ta sake aunawa. Baba na ta zubewa, har agogonsa ya fara yawo a hannu. In ta tambaye shi ko bai yi daɗi ba, sai ya ce daɗi kai, ƙoshi ne kawai. Takan fito ta jingina da bango, ta goge ido da gefen mayafi, zuciyarta na raya mata abin da ba ta son ji.

A jami'a akwai ɗakin ɗanɗano. Dogon tebur ne aka raba shi gida-gida da alluna, kowa da kujerarsa, da kofin ruwan kurkure baki, da jan ƙwan lantarki a sama don kada launin abinci ya ruɗi ido. Masu ɗanɗana mata miyar tsofaffi ne 'yan fansho. Ran nan allo ɗaya ya ɓalle, ta jingine shi gefe tana ganin ba komai. Sai ga tsohon direba da tsohuwar malamar makaranta kafaɗa da kafaɗa. Direban ya ce wannan ai ruwan wankin tukunya ne. Malamar ta ce to cokalinsa me yake komawa nema a ciki? Suna tsokanar juna suna sha, har suka suɗe kwanukan. Sauran kuwa, kowa a gidansa, laɓɓansu kawai suka jiƙa suka ture.

Farfesar da ke duba aikinta, mace mai sanyin murya, ta leƙo ta ga kwanuka biyu fes, ta ga allo a jingine. Ta ce sakamakon waɗannan biyun ya tashi a banza.

"'Yata, kin manta amfanin allon nan ne?" in ji ta. "Mutum in yana ganin wani na ci, bakinsa buɗewa yake yi, ko da abincin lami ne. Mu daɗin miyar muke aunawa, shi ya sa muke raba su. Ki sa a mayar da shi."

Ta ce to, ta sunkuya ta ɗauki allon. Sai ta tsaya riƙe da shi, ba ta ganin komai sai ƙofar ɗakin Baba da take ja da hannunta kullum.

Da yamma ta tarar da Mama a kicin tana yanka albasa. Ta tambaye ta a hankali ko Baba ya saba cin abinci shi kaɗai. Mama ta yi murmushi ba ta ɗago ba.

"Tun da ya auro ni bai taɓa ba. Shi yake cire mini ƙayar kifi, ni nake cinye masa albasar da ba ya so. Ni ma tun da aka raba mu, turawa kawai nake."

Ranar tukunya ɗaya ta ɗora, irin ta Baba, ta kowa da kowa. Ta shimfiɗa leda a falo, ta juye abinci a babban tire, ta je ta riƙo hannun Baba. Yaya ya kai loma ɗaya ya ɓata fuska, ya tambaya ko laifi suka yi aka haɗa su da mara lafiya. Baba ya yi dariya, irin wadda aka daɗe ba a ji ba, ya ce ya ci haka, ai shi ma tsufan na nan tafe.

Ita ba ta iya cin komai ba, kallo kawai take. Baba ya zare ƙayar tsaf ya tura wa Mama tsokar. Mama ta kwashe albasar gabansa. Ya kai loma, ya ƙara, ya sake ƙarawa, gefensa na tiren yana ramewa.

"Likitar Tukunya," ya ce, bai ko dube ta ba, "miƙo mini lemun tsamin nan."