Ma'aunin Ruwa Ya Tafi Makurɗi

Shekara goma sha ɗaya ma'aunin ruwan sama yana tsaye a filin ofishin gona na Lafiya, bai tashi ɓulewa ba sai makon da damina ta kawo kai. Dalmar gindinsa ce ta saki. Malam Kalilu, malamin gona, ya so ya kai wa maƙerin kasuwa ya liƙe cikin rabin wuni, aka ce kayan gwamnati ne, sai Makurɗi. Aka naɗe shi a buhu aka jefa a motar wasiƙu. Tun daga nan shiru kake ji.

Ga kuma dokar da Baturen gona ya kafa kafin ya tafi rangadi: kada a buɗe sito a raba sabon irin gyaɗa sai awo ya nuna ruwa ya kai inci biyu. Manoman Kwandere da Akurba kullum suna gindin mangwaro da buhunansu, ido a ƙofar sito. In danshin farko ya wuce ba su shuka ba, shekararsu ta tafi.

Kalilu ya samo gwangwanin kananzir ya yanke bakinsa, ya girka shi a tsakar gidansa. In ruwa ya sauka, sai ya tsoma rula ya auna. Ran Talata da hantsi aka sheƙa ruwa yana ofis. Ya dawo gida da sauri, taɓo har gwiwa, ya tarar da gwangwani rufe da faifai, an ɗora dutse a kai, cikinsa ƙamas.

"Falmata! Wa ya rufe wannan?"

"Ni ce, Malam," in ji matarsa. "A gidan wa ake barin mazubi baki buɗe? Ƙadangare ya faɗa, ka ce ni ce ƙazama."

Gaskiya ne, haka uwarsa ma take yi.

Ya kwashi gwangwaninsa ya kai filin ofis, ya damƙa shi ga Orshi maigadi, tsohon soja mai bin umarni. Ya ce masa, "Kada kowa ya rufe. So nake ruwa ya shiga." Orshi ya ƙame ya sara.

Ran Alhamis Kalilu yana Arikya wajen duba gonaki, aka sake yin ruwa da la'asar. Da ya iso, fili wayam, babu gwangwani. Can ya hango shi ƙarƙashin indararon sito, ya cika har yana tumbatsa.

Orshi ya taho yana fara'a, da gurguwar Hausarsa ta bariki. "Malam, wurin da ka ajiye, ruwa kaɗan kaɗan yake shiga. Na kawo shi nan, minti biyar ya cika. Ko mata na ya san inda ake tara ruwa."

Don takaici, Kalilu ya cire hularsa ya buga a cinya. Talata babu ko ɗigo, Alhamis inci goma sha uku! In ya rubuta na farko, ƙarya ne. In ya rubuta na biyu, ai da kwalekwale ake zuwa kasuwar Lafiya. Shi kuwa bai taɓa sa lambar ƙarya a littafin awon ruwa ba, bai kuma taɓa barin layi babu komai ba. Da wannan yake tinƙaho.

Manoma sun miƙe suna kallonsa.

Ya naɗe hannun riga, ya tsuguna a bakin gonar gwaji, ya cusa hannu cikin ƙasa kamar yadda ya ga ubansa yana yi. Laima ta bi shi har wuyan hannu. Ya tashi ya ciro mabuɗi, ya san sarai aikinsa yake sakawa a caca.

"Orshi, buɗe sito."

A littafi, inda ake sa inci, ya rubuta: "Har wuyan hannun Kalilu."

Bayan mako biyu takardar tuhuma ta zo, aka sauke shi daga kula da awon ruwa, aka ba wani ma'aikaci littafin. Ma'auni kuwa ya dawo daga Makurɗi ana tsakiyar cirar gyaɗa. Orshi ya zuba masa ruwan buta don gwaji, ruwan ya zurare ta gindi ya jiƙa wa Kalilu takalmi.