Ƙasa Leda Arba'in

Tambari na Kwargaba ya zubar da ƙasar mutum arba'in a bayan gidansa, ya cika ledojinsu da wata ƙasar daban. Shi da amininsa Maccido suka yi aikin, da hantsi, ranar wata Laraba. Shekara huɗu ke nan.

Ga yadda aka yi. Tun da aka fara sako ruwan dam ɗin Goronyo, mutanen Kwargaba suka kama noman rani: shinkafa, albasa, tafarnuwa. Sashensu fage arba'in ne, Tambari ne shugaban manoman. Da shekaru suka tura, sai wani fari-fari ya soma fitowa a kan ƙasa kamar an barbaɗa gari. Kanwa ce. Duk inda ta fito, shuka ba ta kai labari.

Sai ga wata malamar jami'a, Dakta Elisabatu, mutuniyar Kaltungo, tana binciken ƙasar noman rani. Ta ce ruwa ne ya kwanta a ƙarƙashin gonaki, shi ke turo kanwa sama. Hukuma za ta haƙa babbar magudana ta janye shi. Magudana ɗaya ce, sassa uku ke nema, kuma bincikenta ne zai nuna inda ciwon ya fi tsanani.

A sassa biyu da hannunta ta tona. Ranar Kwargaba zazzaɓi ya kayar da ita. Ta daure ta raba ledoji, ta ce kowa ya tona wuri biyar a fagensa, zurfin tafin hannu, har da inda ya yi fari, ya gauraya, ya kawo wa Tambari. Daga nan aka wuce da ita asibiti Wurno.

Ledoji suka taru a zaure. Tambari ya kwance ɗaya. Ƙasa ce toka-toka, ba mai, ba ƙamshi. Ya kwance ta biyu, haka. Ya ji an ce birni za a kai su, har mutanen ƙasashen waje za su karanta sakamakon, da sunan Kwargaba a sama.

"Maccido, wagga za a kai da sunanmu?"

"Ita Allah yab ba mu."

"Kai in baƙo yaz zo gidanka, ƙanzo kaka ba shi?"

Maccido ya yi dariya. "Ni baƙona ko ƙanzon bai samu."

Tambari bai yi dariya ba. Ubansa bai taɓa nuna wa baƙo damin da gara ta ci ba. In an zo ganin amfanin gona, mafi kyau ake fitarwa. Haka ya taras, haka yake yi. Suka ja jaki zuwa tudun da shanun Fulani suka shekara goma suna kwana, suka ɗebo baƙar ƙasa mai laushi, suka cika leda arba'in, suka ɗaure kamar yadda masu su suka ɗaure. Da aka zo ɗauka, Tambari ya dangwala yatsa a takarda, shaidar shi ya tara.

Bayan wata takwas sakamako ya fito. Ƙasar Kwargaba ta fi ta kowa lafiya. Aka haƙa magudana can wajen Rara. Elisabatu ta aiko wa Tambari da takardar binciken, da Turanci. Bai iya karanta ta ba, amma an nuna masa inda aka rubuta sunan garin. Ya sa ta a leda, ya rataye a zaure.

Kanwa kuwa ba ta karanta takarda. Inda a da take kamar faɗin tabarma, ta zama kamar filin idi. Tafarnuwa ta riƙa fitowa ƙanana kamar kashin awaki. Shinkafa ta kan tsiro, ta yi ja, ta ƙone alhali tana cikin ruwa. Manoma suka kai kuka ofis, injiniya ya buɗe takarda ya ce ƙasarsu lafiya lau take, su ne ba su iya ban ruwa ba. Isa ya kwashe iyalinsa ya yi Kudu. Jelani ya bar fagensa ya koma dako a kasuwar Sakkwato. Uwaliya, wadda mijinta ya rasu ya bar mata fage ɗaya da 'ya'ya biyar, ta shuka sau uku ba ta girbe ba. Cikin arba'in, sha bakwai suka rage.

Su sha bakwai ɗin har yanzu suna durƙusa masa. In an yi rigimar ruwa, gabansa ake zuwa, abin da ya yanke ya yanku. Shekara arba'in ba wanda ya taɓa ce masa ya yi ƙarya.

Ranar wata Litinin, bayan la'asar, yana tsaye a fagensa shi da Maccido, sai ga kabu-kabu ya sauke Elisabatu a bakin hanyar ruwa. Ta rame, ta sa tabarau. Ta tako kan kanwa, tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalminta. Ta rusuna ta gaishe su.

"Malama, kwana da yawa," in ji Tambari.

"Da yawa, Baba."

Ta ciro wani ƙarfe mai agogo a kai, ta soka a ƙasa, ta duba. Ta matsa gaba ta sake sokawa. Sannan ta fito da hoto ta miƙa masa.

"Wannan daga sama aka ɗauko shi, da tauraron ɗan adam. Farin nan duk sashenku ne. Tun kafin shekarar da na zo ya fara, hoton ya nuna. Amma takardata ta ce ƙasarku ta fi ta kowa."

"Ke kir rubuta."

"Ni na rubuta. Wani abokin aikina, masanin lissafi, ya zauna da alƙaluman. Ya ce gona arba'in ba sa fitowa iri ɗaya haka, ko da a jere suke. Ya ce kamar daga tukunya ɗaya aka kwaso su. Akwai kuma kashin shanu a cikin kowace leda, Baba. Har ta masu fagen da saniya ba ta taɓa takawa ba."

Tambari ya miƙa mata hotonta.

"Hwaɗa mata, tsoho," in ji Maccido. "Ni na gaji da ɗaukar abin ga. Ko jakin da munka ɗora ma ya mutu ya huta."

"Rufe bakinka."

"In rufe mi? Ta sani!"

Elisabatu ta tsuguna a gabansa, kamar 'ya a gaban uba. "Ban zo faɗa ba. Laifina ya fi naka. Aikina ne, na bar wa wani, na kuma sa hannu ban koma na duba ba. Zan faɗi haka da bakina, ko me zai same ni a wurin aiki. Amma ku ji. Ranar Alhamis hukuma za ta zauna a Wurno. Za a haƙa magudana ta biyu, ita ce ta ƙarshe. Sun riƙe tsohuwar takarda. Sabon awo kafin a karɓe shi sai an yi rani biyu, lokacin an gama rabo. Hanya ɗaya ta rage: wanda ya tara ƙasar ya tsaya a gabansu ya ce ba ta gonakin ba ce. Sai a soke takardar."

"Ni in tahi in hwaɗi," in ji Maccido.

"Yatsan Baba ne a kan takarda."

"To ka jiya. Ni dama wa ka jin maganata? Kowa ya san ni da shiririta."

Tambari ya dubi fagen. "In an haƙa, ƙasag ga na dawowa?"

"Ba zan yi maka ƙarya ba. Sai an yi ta wanke ta da ruwa. Shekara bakwai, ko takwas. Wani wurin ba zai dawo ba."

"In ba a haƙa ba?"

"Rani uku. Bayan nan ko ƙaya ba za ta fito ba."

"Su wa za su zamna wurin?"

"Injiniyoyi, da hakimi, da manoman sassan uku."

"Da namu."

"Da naku."

Ya ga zaman tun daga nan. Ya ga Uwaliya can baya cikin mata, da goyo. Ya ga mutanen Rara suna sunkuyar da kai suna murmushi. Ya ga kansa a tsaye, da rawani, yana cewa shi ne ya kori Isa, shi ne ya ɗora wa Jelani buhu a ka. Shekararsa saba'in da uku. Ko an haƙa, ba zai ga tafarnuwar farko ba. Abin da ya rage masa a duniya gaisuwar mutum sha bakwai ce. Kuma har yanzu, can cikin ransa, bai ga inda ya yi ƙarya ba. Baƙuwa ta zo, ya ba ta mafi kyau.

Ya sunkuya ya ɓantaro ɓawon kanwa, ya murje shi a tafin hannu. Gari ya zube.

"Tambari," in ji Maccido, wannan karon ba wasa a muryarsa. "Don Allah. Ɗiyan Uwaliya."

Elisabatu ta miƙe ta karkaɗe zaninta. "Ƙarfe goma ne, Baba. Zan turo kabu-kabu ya ɗauke ka. Zan tsaya kusa da kai, ni zan fara magana."

Tambari ya goge hannu a rigarsa, ya ɗauki sandarsa.

"Kada ki turo, Malama. Ba ni zuwa. Ba ni hwaɗi."