Garken Bubayaro a Cikin Kwamfuta

Bubayaro ya shekara goma sha shida a unguwar Hausari, tun lokacin da annobar shanu ta share masa garke ya tattara iyalinsa ya shigo Potiskum. Dillanci yake yi a Kasuwar Shanu. Kullum hannunsa na jikin dabbobin mutane, amma ba ya zancen nasa da kowa, haka ma zancen matarsa Dada, wadda ta rasu shekara biyu da shigowarsu gari.

'Yarsa Munawwara ta yi boko, kuma a 1999 tana aikin buga takardu a wani shagon kwamfuta kusa da tasha. Wata Alhamis da safe ta roƙe shi ya biyo ta shagon kafin a ɗauke wuta. Ya zo yana mita, don bai ga abin da ya haɗa shi da wannan akwatin ba. Ta zaunar da shi gaban gilashin kwamfutar.

"Baffa, kada ka taɓa komai. Ka zuba ido kawai."

Bayan ɗan lokaci rubutun da ke kan gilashin ya ɓace, sai ga farar saniya mai karkataccen ƙaho tsaye a gindin tsamiya. Bubayaro ya sunkuya gaba. Ya san ƙahon nan, shi ya ɗaure shi da kansa ranar da ya tsage. Kafin ya yi magana hoton ya sauya: ga bajimin garken, ga maruƙa a turke, ga shi kansa da ƙuruciyarsa, sanda a kafaɗa.

Ya tambaye ta inda ta samo hotunan. Ta ce wani dattijo ne, Mallam Kyari, tsohon ma'aikacin allurar dabbobi, ya kawo wasiƙa a buga masa. Da hira ta yi hira ya gane ko 'yar wane ce, ya ce ya taɓa zuwa rugarsu ta wajen Fika da kyamara, shekara guda kafin annobar. Washegari ya dawo da hotuna shida cikin ambulan. Ita kuma ta ɗora su ɗaya bayan ɗaya a na'urar da ke kwafar hoto, ta jera su yadda za su riƙa fitowa da kansu duk lokacin da kwamfutar ta zauna ba aiki. Sati guda ta yi tana gwadawa kafin abin ya yiwu.

Hoto na biyar na layin allura ne. A gefensa, bayan shanun, wata mace ce ɗauke da ƙwaryar nono, ta juyo tana dariya. Iyakar saninsa ba a taɓa ɗaukar Dada hoto ba. Bai san lokacin da ya miƙa hannu ba, gwiwar hannunsa ta ture ɗan abin da ake sarrafa kwamfutar da shi a kan teburin, nan take komai ya ɓace, rubutu ya dawo.

"Na ɓata shi?" ya tambaya.

"A'a, Baffa. Minti uku, za ta dawo."

Ya naɗe hannuwansa a cinya ya jira. Sau huɗu hotunan suka zagayo bai motsa ba, masu jiran a buga musu takarda ma suka haƙura suka tsaya kallo. Daga nan ya fara faɗin sunan kowace saniya da na uwarta, Munawwara na rubutawa a takarda don ta sa a ƙarƙashin hotunan. Ita ba ta iya tuna fuskar mahaifiyarta sosai, don haka ya ba ta labarin ranar, har da dalilin dariyar: wani maraƙi ne ya kayar da mai allurar.

Da zai tafi ya dafa kanta ya daɗe yana sa mata albarka da Fulatanci. Bai koma kasuwa ba ranar. Ya sayi kindirmo da goro, ya yi ta tambaya har ya gano gidan Mallam Kyari, suka zauna a zaure suna hira har aka kira la'asar.