Ragar Gwaggo Okryon

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa da wuta.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

A ƙauyenmu na tsibirin Jeju, mu mata ne ke nutso a teku mu kwaso katantanwa, ba mu da komai sai numfashin ƙirjinmu. A zamaninta babu wadda ta kai Gwaggo Okryon zurfi. Amma tsufa ya cinye mata numfashi, har aka mayar da ita gaɓar tsofaffi, inda ruwa ba shi da zurfi, katantanwa ma ba ta da yawa. Ragarta kan fito kusan wayam. To, kafin a ɗora kan sikeli, sai wannan a cikinmu ta gifta ta saki kaɗan daga nata a ciki, waccan ma ta gifta. Ita kuwa tana gefe tana matse gashinta, idonta a sama. Ta sani, mu ma mun san ta sani. Da abin nan take sayen man ɗumama ɗaki.

Ana nan sai aka zaɓi Miran shugabar ƙungiyarmu, yarinya mai tausayi har ya yi mata yawa. Wata rana mun fito ruwa muna jin ɗumi, ta miƙe da ambulan a hannu.

"An daina ɓoye-ɓoye. Mun buɗe asusun tallafin tsofaffi. Gwaggo, ke ce ta farko."

Ta miƙa mata ambulan ɗin. Muka yi tafi, mu ma da tamu wautar.

Gwaggo ta ce, "Me kika kira shi?"

"Tallafi, Gwaggo."

"Kin ga na karkace ne zan faɗi?"

"To, gudummawa."

"Aure nake yi, ko na mutu ne ban sani ba?"

Boksil, wadda bakinta ba ya hutawa, ta ce, "A ce toshi ne daga tsoho Bu mai kwale-kwale mana! Ai ya daɗe yana leƙenki."

Kowa ya yi dariya ban da Gwaggo.

"Ku dai faɗi sunansa na gaskiya," in ji ta. "Sadaka." Ta ajiye ambulan kan dutse ta tafi.

Washegari ta wuce gaɓar tsofaffi ko waiwaye babu, ta nufi inda ruwa ya yi baƙi. Muka yi ta kira, ta yi kamar da iska muke. Ta kifa kai ta nutse.

Kun san duk wadda ta ɗago takan yi fito ta saki numfashi, da shi muke sanin tana raye. Mu ma muka nutse a namu wurin, muka ɗago muna kasa kunne. Fiton Boksil ya zo, nawa ya zo, na Gwaggo shiru. Miran ba gwanar zurfi ba ce, amma ita ta fara bin ta. Ta daɗe a ƙasa har na fara kiran sunan uwata. Can sai ga ta, ta riƙo Gwaggo ta ɗamara, jini na zuba daga hancin Miran ɗin.

Muka shimfiɗe tsohuwa kan dutse, leɓɓanta sun yi shuɗi, hannunta babu ko katantanwa ɗaya. Ta amayar da ruwa, ta buɗe ido, ta ga Miran durƙushe tana rawar ɗari.

"Ke, shugaba," ta ce da ƙyar. "Wannan kuma me ake kiransa?"

Miran ta fashe da kuka. "Ban sani ba, Gwaggo."

"To, bar shi haka." Ta ɗaga hannu ta share mata jinin.

Gwaggo ba ta sake zuwa zurfi ba. Ta koma gaɓar tsofaffi, ragarta ta ci gaba da yin nauyi a hanyar sikeli har shekarar da ta rasu a kan shimfiɗarta, ɗaki da ɗumi. Miran ta daɗe tana shugabanci. Duk ƙarshen shekara takan raba wa kowa ambulan, babba da yarinya, ba rubutu a bayansa, wani ya fi wani kauri. Boksil ce ta auri tsoho Bu. Ni kuwa ga ni nan, yanzu a gaɓar tsofaffi nake nutso.