Ranar da Muka Isa Kachia da Wuri

Ni dai a wajena tafiya abu ɗaya ce: ka shiga mota, ka ɗaga gilashi, ka isa inda za ka da ranka. Mijina Malam Lawal, mai gyaran firiji a Makera, ba haka ya ɗauke ta ba. A ganinsa wanda ya ratsa gari bai san sunan ko mutum ɗaya a cikinsa ba, bai yi tafiya ba, buhun masara ne aka ɗauko aka sauke. Shi ya sa duk ranar da za mu Kachia gaida Innata, tun daga gida nake fara cika ina batsewa. Zai tsaya a Kakuri ya gaida wani kanike. Zai tsaya a Sabon Tasha wajen Madam Theresa, wata tsohuwa mai gasa masara a bakin titi, ya yi ta tambayarta ciwon gwiwarta kamar ita ta haife shi. Ni kuwa ina cikin tsohuwar Golf ɗinmu ina haɗa gumi ina tsaki.

"Malam, Kachia fa za mu, ba yawon sallah ba."

"Kachia ba za ta gudu ba, Jamila. Hanyar ma ai mutane ne a kanta."

Wata Asabar da hantsi, mun baro wajen Theresa kenan, masarar tana hannuna da zafinta, sai wata tifa mai yashi ta wuce mu a guje. Gabanmu kaɗan ta kwashi wata mata mai ɗauke da daron tumatir. Na ga daron ya tashi sama, na ga matar ta faɗo a kan kwalta. Direban tifar ko birki bai taka ba. Motocin da ke gabanmu suka dinga kauce mata suna ƙara wuta, don kowa a garin nan ya san ƙa'idar: in ka ga an kaɗe mutum, kada ka tsaya, domin wanda aka tarar a wurin shi ne mai laifi.

Na ji Malam ya taka birki. Na riƙe masa riga.

"Don girman Allah kada ka fita. Ka san halin mutane."

"Tana motsi," ya ce. Ya zame rigarsa ya fita.

Ya durƙusa ya tallafo kanta, jini ya ɓata masa gaban farar riga. Yana kirana in buɗe ƙofar baya, sai ga mutane sun fara ɓullowa daga shaguna da lunguna. Ba wanda ya ga tifa a cikinsu. Abin da suka gani shi ne mota a tsaye, mace a kwance, da namiji jina-jina. Wani ya ce da Turancin buroka, "Na him," wato shi ne. Shi ke nan, ba a ƙara tambayar komai ba.

Dutsen farko a ƙeya ya sami Malam. Bai saki matar ba, ya juyo yana cewa, "Ku taimaka mu kai ta asibiti." Wani ƙato mai jar singileti ya sheme shi da katako a baki, na ga haƙoransa sun zubo a kan kwalta cikin tumatir. Suka janye shi ta ƙafa, kan matar ya sake buguwa da ƙasa. Daga nan ban ƙara ganin mijina sosai ba, sai ƙafafu da sanduna suna hawa suna sauka. Ana zaginsa da Turanci, ana zaginsa da Hausa, har da Hausar da ta fi tawa kyau. Wannan ya fi komai ƙona mini rai, don ba a bar ni da ko ƙabilar da zan tsana ba.

Na fito ina ihu, "Ba shi ba ne, tifa ce, wallahi tifa ce." Wata mata ta fizge mayafina ta shaƙe ni da shi, wani ya kwaɗa mini mari har kunnena ya toshe. Na cije hannun wani, ban san ko na wane ne ba, kuma har gobe ban yi nadama ba. Suka farfasa gilasan motarmu, wani ɗan acaba ya zuƙo fetur daga tankinsa a gorar ruwa ya watsa a kujeru. Wuta ta tashi, zafinta ya daki fuskata.

Sai na ji ana cewa, "Bring tyre," wato a kawo taya.

Suka ɗago Malam zaune. Idonsa ɗaya ya rufe, hannunsa na dama yana lilo ta inda bai kamata hannu ya lanƙwashe ba. Suka zura masa taya a wuya, suka juye masa sauran fetur ɗin a ka. Mai jar singiletin ya ciro ashana. Na zube a ƙasa ina ta kiran sunan Allah, na kasa tashi, don wani ya take mini zani. Na tabbata a gabana za a ƙone uban 'ya'yana.

A lokacin ne Theresa ta ratso taron tana ɗingishi, tana ture samari da gwiwar hannu. Ta zo ta tsaya a kan Malam, ta raba ƙafafunta, fetur yana jiƙa mata silifa. Ta yar da ɗankwalinta, furfurarta ta bayyana. Sannan ta kama bakin zaninta.

"Ƙyasta," ta ce wa mai ashanar. "Ƙyasta mana, Tony. Ni na yi wa uwarka wankan jego. Wannan mutumin ɗana ne, yanzun nan ya bar wajena. Kafin ashanar nan ta kama, I go naked for una. Duk sai kun ga tsiraicin uwarku yau."

Ta fara kwance zanin. A unguwar nan ba abin da ake tsoro kamar tsohuwa ta tuɓe maka don fushi, sun ce wanda ya gani ba ya ƙara yin albarka. Samarin da ba su ji tsoron Allah ba suka dinga kau da fuska. Na gaba suka ja baya suna taka na baya. Tony ya saki ashanar a ƙasa ya shige taro. Theresa ta cire tayar da hannunta, ta zauna a kwalta ta rungume kan Malam tana zagin kowa har 'yan sanda suka iso.

Sai a sannan aka tuna da mai tumatir. Sunanta Irene, ta bar yara ƙanana. Ta cika a wurin, kusa da motar da ta tsaya don ta kai ta asibiti, motar tana ci da wuta.

Malam ya daɗe a kwance. Hannun ya haɗe, aka sa masa haƙoran roba, ya koma shago. Bai taɓa yi mini maganar ranar ba, ni ma ban ce masa "ai na faɗa maka" ba, ko da yake Allah ya sani maganar ta sha zuwa bakina.

Bayan damina ya aro motar ƙanensa za mu Kachia. Da kaina na sayi man kaɗanya mai kyau na sa a jaka saboda gwiwar Theresa. Muka wuce Kakuri bai tsaya ba, na ce a raina ko kaniken ba ya nan ne. Da muka shiga Sabon Tasha sai na ga ya ɗaga gilashi ya kulle ƙofofi. Na hango hayaƙin masara. Theresa ta gane mu, ta dafa benci ta miƙe tana ɗaga mafici.

"Malam, ga Mama can."

"Na gan ta."

"Ba za mu tsaya ba?"

Gumi yana bin wuyansa daidai inda tayar ta zauna. Ya ƙara wuta. Na juya ina kallonta ta gilashin baya, tana tsaye da maficin a sama har muka sha kwana.

Muka isa Kachia ko tukunya Inna ba ta ɗora ba. Ta fito tana gyara ɗaurin zani tana dariya.

"Yau kuma lafiya? Lawal da zuwa da wuri?"

"Ba mu tsaya ko'ina ba, Inna," ya ce. "Jamila ce da gaskiya."

Shekara da shekaru nake jiran in ji wannan maganar daga bakinsa. Na ce bari in zaga, na shige bayan ɗaki da jakata, man kaɗanyar yana ciki, na toshe bakina da mayafi na yi kuka.