Bawan Idi a Majalisar Dattawa

Tun da aka gina madatsar ruwa can ƙetaren iyaka, gulbin da ke shayar da lambunan bayan Madarumfa ya koyi rowa. Da damina ya cika ya batse, da rani kuwa sai wani siririn ruwa ke silalowa, wanda ko akuya ba za ta jiƙa gwiwa a ciki ba. Amma da wannan ɗan silalen Idi da maƙwabtansa ke raya albasa har ta isa kasuwa. Bana ya ƙara tsukewa, albasar Idi ta fara sunkuyar da kai.

Masu lambu suka je wurin dipite, wato ɗan majalisar yankinsu, ya ce ruwan ba a ƙasar nan aka tsare shi ba, bakinsa bai kai can ba. Nan wani ya tuna cewa Idi na da ɗan'uwa a Majalisar Dattawan Najeriya, Sanata Aliyu, madatsar ma a mazaɓarsa take, ga shi kuma zai zo ɗaurin auren dangi ranar Asabar. Take aka ɗora wa Idi kayan: ya roƙe shi a riƙa sako musu ruwa da rani.

Abin da ba su auna ba shi ne, Aliyu taubashin Idi ne. Uwarsa ƙanwar uban Idi ce, aure ya kai ta ƙasar Katsina. A wasan taubasai kuwa ɗan mace bawa ne, ɗan namiji ubangida. Tun suna yawo ba wando ba su taɓa yin maganar hankali da juna ba. Idi ya yini yana tsara roƙo a ransa, ya rasa ko da wane suna zai fara kiran mutumin.

Ranar Asabar motoci suka cika unguwa. Sanata na fitowa daga mota ya hango Idi.

"Ina ubangidan nan nawa mai warin albasa? Idi, har yanzu ƙishirwa ba ta kashe ku ba? An ce tsuntsu ma sai ya yo guzurin ruwa in zai ratsa garinku!"

To ga ƙofa a buɗe. Abin da ya rage kawai Idi ya ce wallahi haka ne. Amma jama'a sun zuba ido suna jiran ramuwa, kuma ina aka taɓa jin ubangida ya kai wa bawa kuka a bainar jama'a? Bakinsa ya riga hankalinsa.

"Mu da ƙishirwa? Kai bawa, madatsar nan taku ai rariya ce! Ku gina, mu sha. Ruwanku har ƙohwar lambuna yake zuwa, ko an gode ba mu cewa."

Wuri ya kece da dariya, Sanata har da riƙe ciki. Da ya lafa ya ce, "Har da rani?"

"Har da bazara!" in ji Idi, yana jin daɗin ya kayar da shi.

Sai da aka shafa fatiha ya farga da ɓarnar da ya yi. Ya kutsa tsakanin 'yan sanda ya cim ma Sanata a bakin mota, ya rage murya.

"Aliyu, batun ruwan nan hwa, da gaske..."

"Bar shi hannuna, ranka shi daɗe. Bawa ai ba ya ƙin aike. Har cikin majalisa zan kai shi." Ya dafa kafaɗarsa yana dariya, aka rufe ƙofa.

Masu lambu suka yanyame Idi. "Ka hwaɗa mashi?"

"Na hwaɗa."

"Mi ya ce?"

"Ya ce zai kai."

Suka yi hamdala. Idi kam ya koma gida kansa a ɗaure. Magana biyu ya yi, ɗaya da ƙarfi, ɗaya rabi, bai san wacce aka tafi da ita ba. Alkawarin ma bai san ko alkawari ne ko wasa ba, don fuskar Aliyu ɗaya ce a duka biyun.

Bayan 'yan makonni Bashir, direban da ke jigila tsakanin Ɗan Issa da Katsina, ya zo bakin lambu da bidiyo a wayarsa. Ga Sanata tsaye cikin majalisa, babbar riga fes, yana zuba Ingilishi. Masu lambu suka taru, ba mai jin ko kalma, sai can suka tsinci "Madarumfa" a bakinsa. Aka ɗau kabbara, wani ya rungume Idi. Bashir ne kaɗai bai yi murna ba, don shi yana jin yaren.

"Ku dakata," in ji shi. "Cewa ya yi ƙofofin madatsar na yoyo. Manoman mazaɓarshi na kukan ruwa, alhali ruwan na tsallaka iyaka har Madarumfa. Ya ce ba jita-jita ba ce, ɗan'uwanshi na jini da ke noma a nan ya tabbatar mashi, har da bazara. Ya nemi a toshe, kuma sun amince."

Idanu suka dawo kan Idi ɗaya bayan ɗaya. Kunya da tsoro suka rufe shi, ya kasa gane ko cutarsa aka yi, ko kuwa shi ya yanka kansa da bakinsa. Yana cikin haka wayarsa ta yi ƙara. Aliyu ne, muryarsa cike da fara'a, kowa na ji.

"Ubangida, ka ga aikin bawanka? Na kai sunan garinku inda bai taɓa zuwa ba. Ina tukuicina?"

Idi ya dubi albasarsa, ya dubi maƙwabta.

"Aliyu, don Allah ka saurare ni. Ba wasa nike ba. In aka toshe, mun mutu."

Sai dariya ta fashe a wayar.

"Kai Idi! Wallahi har na kusa yarda."